Ƙugiya da Niyya: Hukuncin Kayan Kamun Kifi a Gaɓar Zobe

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ƙasar Katsina ta ginu a kanta tun kafin jihadi, ba su taɓa shan wahala ba wajen yanke hukuncin cin kifi, domin aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta farautar ruwa da abincin da ke cikinsa, hadisin Abu Huraira da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa kuma ya nuna cewa dabbar ruwa ba ta buƙatar yanka, ko da an tsince ta a mace. Aya ta 12 ta Suratu Faɗir ma ta haɗa ruwan daɗi da ruwan gishiri a kan ni'ima guda, wato sabon naman da ake ci daga kowannensu, don haka tarwaɗar tafki da kifin teku hukuncinsu ɗaya ne. Wannan sauƙi ne ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa babu sauran magana a kan sana'ar su, tunda abin da ya halatta a ci ai ya halatta a kamo. Sai dai akwai rata tsakanin halaccin nama da halaccin hanyar samunsa, kamar yadda ragon sata ba ya zama halal ga ɓarawo don ya yanka shi da bisimilla, kuma a cikin wannan rata ne tambayar kayan aiki take zaune: shin zaɓin ƙugiya, ko koto, ko faɗin idon raga, dabara ce kawai da masunci zai warware da kansa, ko kuwa yana cikin abin da za a tambaye shi gobe kiyama?

Wurin da ya fi dacewa a auna wannan tambaya a tsakiyar Jihar Katsina shi ne madatsar ruwa ta Zobe da ke Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, a kan kogin Karaduwa. Bango ne na ƙasa mai bisan mita 19 da tsawon mita 2,750, wanda aka tsara ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 179 domin noman rani da shayar da garuruwa. Shekaru masu yawa suka shuɗe waɗannan manufofi suna kwance, har zuwa 2021 da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin tura ruwan sha daga can, kuma a duk tsawon wannan jira amfanin da talaka ya fi gani da idonsa daga ruwan shi ne kifi, wanda ya riƙe gidaje a ƙauyukan gaɓa irin su Garhi da Makera, ya kuma kai karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu kasuwar Dutsin-Ma. Ƙasar Kurfi, da ke arewa a kan hanyar Katsina, ba ta da ruwa mai girman Zobe. Nata rafuka ne da ke gudu da damina su koma rairayi da rani, da tafkuna da kududdufai masu ƙafewa, kuma wannan bambanci yana da tasiri a hukunci, kamar yadda za a gani.

Masuntan waɗannan ruwaye suna aiki da birgi, wato ragar da ake jefawa ta buɗe kamar faifai ta faɗa kan kifi, da kalli, ragar da ake kafawa ta kwana kifi ya sarƙe da kansa a idanunta, da taru, doguwar ragar da mutane ke ja zuwa gaɓa ta kwaso duk abin da ta tarar, da gura, tarkon da kifi ke shiga ya kasa fita. Mafi ƙanƙantar kayan duka ita ce fatsa, sana'ar wanda ba shi da kwale-kwale, wanda iyakarsa bakin ruwa. Kayanta sandar gora ce ko wani reshe mai lanƙwasa, da siririn zaren roba da kifi ba ya gani sosai, da ɗan guntun dalma da ake matsewa a jikin zaren domin ya nutsar da koto, da abin shawagi da ake yankowa daga tsohon silifas ko busasshen kara, wanda rawarsa a saman ruwa ce ke shaida wa mai fatsa cewa wani abu yana taɓa tanar da ya soka. Ƙugiyoyi lamba-lamba ne, lambar tana hawa ƙugiyar tana ƙanƙancewa, kuma mutumin da ya tsuguna gaban tiren mai sayar da su yana zaɓa, ko ya sani ko bai sani ba, yana yanke shawara ne a kan shekarun kifin da zai mutu a hannunsa.

Wannan ƙaramar sana'a ce ta zama babbar masana'anta a Amurka, a kan wani kifin ruwan daɗi mai faɗin baki da ake kira bas, wanda a tsarin jikinsa da halinsa na haɗiye ƙananan kifaye ya yi kusa da giwan ruwa. A 1967 wani mutumin Alabama mai suna Ray Scott ya shirya gasar kama shi a tafkin Beaver da ke Arkansas, a 1968 ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas, daga 1972 kuma ƙungiyar ta fara kiran mambobinta da su riƙa sakin abin da suka kama da ransa. Daga nan kayan suka yi ta ƙaruwa: sanduna marasa nauyi, da na'urar naɗe zare da ke ba mai tsayuwa a gaɓa damar jefa koto nesa, da koton jabu na roba da ƙarfe da aka siffanta da tana ko kwaɗo ko ɗan kifi mai rauni. Mutum ya yini yana kama kifi, ya auna, ya ɗauki hoto, ya mayar ruwa, ya koma gida hannu wofi yana murna, abin da masuncin Zobe zai ji ya riƙe baki. Tambayar ko koton jabu yaudara ne ba ta da nauyin da wasu ke ba ta, domin algus da ha'incin da Shari'a ta hana suna tsakanin mutanen da amana ta haɗa ne, kuma babu farautar da ba ta da ɓuya da dabara. Inda maganar take shi ne dalilin da ya sa aka soki bakin kifin tun farko.

A nan Malikiyya suna da bayani dalla-dalla. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya rarrabe a Risala, littafin da kusan kowane almajirin zaure a Katsina ya sauke, tsakanin farautar da aka yi don wasa, wadda ya sanya a makaruhi, da wadda aka yi don wata buƙata, wadda ya halatta. Masu sharhi suka faɗaɗa, suka ce farauta tana ɗaukar hukunce-hukunce biyar gwargwadon niyya da hali: wajibi ce ga wanda iyalinsa ba su da abin ci sai ta wannan hanya, mustahabbi ce ga mai son yalwata musu ko yin sadaka, halal ce ga mai neman na cefane, makaruhi ce ga mai neman nishaɗi, haramun ce kuma idan ta sa aka tozarta salla ko aka shiga haƙƙin wani. Shehu Halil ya ƙara tsanantawa a Muhtasar, inda ya haramta farautar dabbar da ake ci ba tare da nufin yanka ta ba. Gaskiya ne cewa wannan magana a kan dabbar tudu ta zo, kifi kuwa ba shi da yanka, saboda haka ɗora ta a kansa kiyasi ne, wato auna sabon lamari da tsoho saboda dalilin da ya haɗa su. Amma dalilin a bayyane yake, shi ne abasu, wahalar da mai rai ba don wani amfani ba, irin abin da hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim ya hana game da mayar da mai rai abin gwada harbi.

Wanda zai ce kifi ba ya jin zafi sai ya fuskanci abu biyu. Na farko aya ta 38 ta Suratul An'am, wadda ta siffanta dabbobi da cewa al'ummu ne kamar mutane. Na biyu binciken da Lynne Sneddon da abokan aikinta suka buga a 2003 daga cibiyar Roslin ta Sikotilan, inda suka gano jijiyoyin da ke karɓar ciwo a kai da leɓɓan wani kifin kogi, suka kuma ga wanda aka sa wa abu mai raɗaɗi a leɓe ya ƙi abinci yana goga bakinsa a tsakuwa. Akwai masanan da ke jayayya a kan ko wannan ya kai a kira shi jin zafi irin na mutum, amma a wurin mai tsantseni shakka kaɗai ta isa dalilin sassauta hannu. Abin lura ne cewa ƙasar Suwizalan ta hana fatsa da niyyar saki tun 2008, dokar kare dabbobi ta Jamus ma ba ta yarda a wahalar da dabba ba sai da dalili karɓaɓɓe, matsayin da ya zo kusa da abin da malamin Ƙairawan ya rubuta fiye da shekaru dubu da suka wuce. Adalci kuma ya wajabta a faɗi cewa saki iri biyu ne: wanda ya fita da nufin wasa da kifi daban yake da wanda ya fita neman miya, ƙaramin kifi ya faɗa masa, ya zare ƙugiyar a hankali ya mayar da shi don ya girma. Na biyun bai yi abasu ba, tanadi ya yi.

Idan matsalar mai fatsar Amurka ita ce kayan kirki a hannun niyya mai rauni, matsalar ruwayen Arewa kishiyar haka ce, kuma ita ta fi ciwo, domin niyyar ba ta da aibi ko kaɗan. Magidancin da ya ɗinke gidan sauro biyu ya ja su a bakin ruwa yaransa yake son ciyarwa, farautarsa a ma'aunin da aka ambata tana iya zama wajibi, amma ragar da aka saƙa don ta tare sauro ba ta barin ƙwai balle ɗan kifi mai tsawon farce, ga shi kuma an jiƙa ta da maganin ƙwari da ke cutar da halittun ruwa. Mafi muni shi ne guba, daga magimfa, tsiron da ake dakawa a zuba a ruwa tun zamanin kakanni, zuwa gamalin da aka yi don feshin gona, wanda ke kashe na ci da wanda ba na ci ba, ya bi naman zuwa cikin mai saye. Dokar kamun kifin ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, sai ga wasu ƙananan jinsuna da ta ware. Tun kafin dokar, hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya mutane abokan tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana cikin Muwaɗɗa, aya ta 205 ta Suratul Baƙara kuma ta zargi mai halaka shuka da zuriya. Zobe yanzu ruwan sha ne na garuruwa, don haka mai zuba masa guba ya shiga haƙƙin mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda ba zai iya bin su gida-gida ya nemi gafara ba.

Akan ji masunta suna cewa kifi na Allah ne, ba ya ƙarewa, rabon mutum kuma ba ya wuce shi. Farkon maganar da ƙarshenta gaskiya ne, tsakiyarta ce gurguwa. Mutumin da ke faɗin haka a bakin ruwa shi ne da kaka yake zaɓar zangarniyar gero mafi kyau ya rataye a rumbu, yunwar bazara ta matsa masa amma ya ƙi taɓa ta, kuma babu malamin da ya taɓa kiran ajiye iri rashin tawakkali. Ƙananan kifaye su ne irin ruwa, bambancin kawai shi ne rumbun na kowa ne, shi ya sa kowa ke tsoron in ya bari wani zai kwashe.

Fifikon fatsa a kan raga yana da wata hujja da ke cikin halittar kifin kansa. Namijin karfasa yana share ɗan gurbi kamar akushi a rairayin da ruwa bai da zurfi, kusa da inda mai fatsa ke tsayawa, macen ta zuba ƙwai a ciki, sannan ta kwashe su a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe su yi ƙwari, kuma a cikin waɗannan kwanaki kusan ba ta cin komai. Ma'anar haka ita ce ƙugiya mai tana, wadda aikinta ya dogara da yunwar kifi, takan tsallake uwa mai goyo ba tare da mai ita ya sani ba, alhali taru na kwaso ta ya watsar da abin da ke bakinta a kan yashi. Bas kuwa namiji ne ke gadin gurbi, yakan kai wa koton jabu cafka don kare ƙwansa ko da ba ya jin yunwa, wasu masu fatsa kuma da gangan suke neman irin wannan gurbi, a cire uban na ɗan lokaci ƙananan kifaye su far wa ƙwan. Koton da ke cin amfanin yunwa da wanda ke cin amfanin tausayin uba ba su zama ɗaya ba a ma'aunin ihsani, wato kyautatawar da hadisin Shaddad ɗan Aus ya wajabta a cikin komai, har a wajen kisa da yanka.

Duk da haka ba kowace ƙugiya ce mai tsarki ba. Mari-mari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi marasa koto da ake jerawa kurkusa, tana cafke kifi ta ciki ko ta ido ko ta wutsiya, wanda ya kuɓuce ya tafi da rauni. Ita kanta fatsa tana da nata hisabin: ƙaramar ƙugiya kifi na haɗiye ta har ciki, wanda aka zaro ta daga hanjinsa kuwa sakinsa ba ya hana shi mutuwa, saboda haka mai son barin ƙanana sai ya ɗauki babba, ya kuma danne kunnenta, wato ɗan haƙorin da ke hana ta fita, domin ta zaru ba tare da yaga ba. Soka kwaɗo ko ɗan kifi da ransa ya yini yana mutsu-mutsu a ƙugiya abu ne da zuciya mai taushi ba ta natsuwa da shi, musamman da yake an ruwaito hani game da kashe kwaɗo. Dalmar da ake matsewa da haƙori guba ce, kuma Arewa ta ga aikinta a 2010 lokacin da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara; Ingila ta hana ƙananan dalmar fatsa tun 1987 saboda manyan tsuntsayen ruwa masu kama da dinya da ke haɗiye ta. Sai kuma abin da ke biyo bayan kamu. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kai da ke ba ta damar shaƙar iska, shi ya sa ake ganinta a daro, a rana, fatarta ta fara bushewa tana buɗe baki sa'o'i bayan an fito da ita, wasu kuma su zuba mata gishiri ta yi ta birgima har ta mutu. Rashin wajabcin yanka rangwame ne ga mai ci, bai zama izinin jinkirta mutuwa ba, bugu ɗaya mai ƙarfi a ka ya wadatar.

A tafkunan Kurfi lissafin yana sauyawa. Ruwan da zai ƙafe kafin watan Maris kifinsa mutuwa zai yi ko an kama ko ba a kama ba, don haka idan gari ya fito su da koma da kwando aka kwashe babba da ƙarami, ba a yi almubazzaranci ba, barinsa ya ruɓe a laka ne zai zama tozarta dukiya. Ragar da take ɓarna a Zobe tana iya zama daidai a kududdufi, wanda ke nuna cewa hukuncin ba a jikin zaren yake ba, yana tsakanin kayan da ruwan da lokacin. Ko a nan ma akwai iyaka, domin gaiwa tana tona laka ta naɗe kanta cikin majina ta kwana rani tana jiran ruwan sama, tarwaɗa ma kan laɓe a sauran damshi, waɗannan kuwa su ne irin baɗi, tafkin kuma mashayar shanu ce da guba ba ta da gurbi a cikinta.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba shi ne hana maƙwabcinsa, a nan ne haƙƙin shugabanni ya shigo. Fiƙihu ya san hima, wato yankin da shugaba ke killacewa don maslahar jama'a, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya killace Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya killace Rabaza. Ƙasar Hausa ma ta san shi a hannun Sarkin Ruwa, kuma Matan Fada, wato gaɓar kogin da ke Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, tana ba da manyan kifaye ne saboda ana rufe ta sauran kwanakin shekara. Tarwaɗa tana hayayyafa da faɗuwar damina, ta bi sabon ruwa cikin ciyawar da ya malale, saboda haka watannin da ya kamata a ɗaga raga daga bakin Zobe su ne daga Yuni zuwa Agusta, kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana da sashen nazarin kifi da zai iya nuna wuraren da suka fi cancantar killacewa. Wahalar ita ce waɗannan watanni su ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, a yankin da matsalar tsaro ta riga ta raba mutane da yawa da gonakinsu, kuma hana mayunwaci ba tare da ba shi madadi ba zalunci ne da Shari'a ba ta goyon baya, tunda larura tana da nata hukunci. Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce a rufe wa taru da kalli a bar wa fatsa, domin mai ƙugiya ɗaya zai sami na miya ba tare da ya taɓa uwa mai goyo ba, sannan a nemi wani kaso na zakka da waƙafi a sayi raga mai inci 3 a musanya wa duk wanda ya kawo ta gidan sauro, a gaban Sarkin Ruwa da limamin ƙauyensa, kafin ruwan farko ya sauka.